Zanen Bakin Teku a Tawa

Idan mushe ya ce ƴan lakkwal su zana bakin teku, akwai masu cewa ɓata lokaci ne. Daga Tawa zuwa teku ya fi kilomita 900. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, yaya zai zana shi? Gara ya zana raƙumi ko rumbu, in ji su.

Wannan magana ba ta kama hanya ba. Da wuya a sami ƙauye a Adar wanda ba shi da ɗan bida a Abijan, ko Lome, ko Kwatanu, ko Legas, kuma duk garuruwan nan a bakin teku suke. Idan damina ta kusa, da yawa suna komowa gida noma. Yaron da ya zauna kusa da kawunsa ya yi tambaya zai ji abin da babu shi cikin hoton kalanda. Zai ji cewa ruwan can ba kullum yake shuɗi ba, wani lokaci ya yi tsanwa, wani lokaci ruwan toka. Zai ji igiyar ruwa tana da ƙarfin da za ta kada babban mutum. Zai ji itacen kwakwa ba ya raba rassa kamar goriba, gindi ɗaya gare shi, dogo, ya ɗan karkata.

Sauran kuma ido ne zai koya masa. Tabkin Tabalak yana wajen kilomita 50 daga Tawa, a kan hanyar Agadas. Wanda ya tsaya a gaɓarsa zai lura jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya duhu, kwale-kwalen da ke nesa kuma bai fi ɗan yatsa ba. Haka abin yake a teku. Bambancin shi ne can ba a hangen ɗaya gaɓar: ruwa da sama suna haɗuwa a layi miƙaƙƙe. In layin nan ya karkace, zanen ya lalace, ko da launin ya yi kyau.

Akwai masu cewa kuma fenti tsada gare shi. Gaskiya ne, amma ba dole sai da shi ba. Kwali yana nan a kasuwa. A jiƙa ƙaro ya narke, a shafa shi a ƙasan kwalin, a barbaɗa rairayin da aka tankaɗe. Wane fenti ne zai fi rairayi kama da rairayi? Bula ko shuni za su yi ruwa da sama, a sa da kauri wajen nesa, a tsinka shi wajen gaɓa. Farar ƙasa da ɗan kaɗa su yi kumfa. Gawayi ya yi inuwa, amma duk inuwowin su faɗi gefe ɗaya, don rana ɗaya ce. Ƙyallen da tela ya yar ya isa laima da riguna. A shanya shi cikin inuwa, don rana tana lanƙwashe kwali.

Har katantanwar teku Adar tana da ita. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan ƙasa. A duwatsun Adar ana tsintar katantanwa da sauran halittun ruwa waɗanda suka zama dutse. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza ma a ƙarƙashin wancan teku ya taru. Ƙanana biyu ko uku, an manna su bisa rairayin, sun isa.

Abin da ya fi wuya shi ne mutanen da za a sa ciki. A hoton kalanda, baƙi ne kwance ƙarƙashin laima, suna hutu. Yaro ya iya kwaikwayon wannan, amma rabin labari ya zana. Ran Lahadi, lokacin da mutane suka cika bakin teku suna shan iska, akwai mai ratsawa tsakaninsu da kayan talla, huluna da tabarau da agoguna, rana tana dukansa. Sau da yawa irin wannan tallar ce ke sayen hatsi a gida idan damina ba ta yi kyau ba. Ya kamata a ba shi wuri a gaba, a yi shi babba, masu hutu kuwa su koma baya, ƙanana. Takalminsa ya ɗan nutse cikin rairayin, sawunsa kuma ya biyo shi tun daga gefen kwalin.