Zubin Dalma Don Kamun Kifi: A Fitar Da Shi Daga Tsakar Gida

Duk malamin gona da ya saba zagaya ƙauyukan masunta a gaɓar tafkin Kainji ko na Jebba ya san matsayin dalma a wannan sana'a. Ita ce ake jerawa a bakin birgi domin ya nutse da sauri ya rufe kifi, ita ce kuma ake ɗaurawa a gindin koma domin ta tsaya sosai a cikin ruwa. Akwai kuma masu fatsa da ke zuba ta a wuyan ƙugiya, su yi mata fenti, su ɗaura gashin kaza ko zare a bayanta. Idan aka jefa wannan ƙugiya mai kan dalma ana ɗagawa ana saki, sai ta riƙa motsi kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni, giwan ruwa ko tsage ya kawo mata cafka. Dabara ce mai kyau, domin ba ta buƙatar tana ko ɗan kifi a bakin ƙugiya, kuma wanda ya iya zubinta ya huta da sayen ta kanti mai tsada.

Ba na cikin masu cewa masunci ya bar wannan fasaha. Ra'ayina shi ne, wurin da ake yin ta a yau, wato tsakar gida kusa da murhu, bai dace ba ko kaɗan, kuma wajibi ne mu malaman gona mu faɗi haka a fili.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma sauƙin nasa ne ya jawo sakaci. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, zafin da garwashin gawayi ke wucewa nesa. Saboda haka da tsohon gwangwani da cokali, mutum ya haɗa maƙera. Ana sassaƙa mazubi mai ɓari biyu, a kwantar da ƙugiya a ciki, a rufe, a tsiyaya narkakkiyar dalma ta ƙaramar kafa. Cikin ɗan lokaci ta daskare, a buɗe, a yanke tsinin da ya saura, a goge, a shafa farin fenti, in ya bushe a bi da launin da ake so.

Abin lura shi ne, kowane mataki yana barin guba a baya. Idan wuta ta yi yawa, hayaƙin dalma yana tashi a shaƙe shi. Dattin da ake yaɗewa a saman narkakkiyar dalma ana watsar da shi a ƙasa. Gogewa tana fitar da gari mai laushi da ke manne wa hannu da tufafi. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Abin da ya zuba a tsakar gida bana yana nan bayan shekaru masu yawa, a daidai wurin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, kaji kuma suna tsattsaga.

Wanda yake ganin abin bai kai haka ba, ya dubi abin da ya faru a Thiaroye-sur-Mer, wata unguwar masunta a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal. Shekara da shekaru mutanen wurin suna fasa tsofaffin batiran mota suna ciro dalma, ana ƙera nauyin koma da ita, sauran dattin kuma yana taruwa a cikin rairayi. Da dalma ta yi tsada, sai mata suka shiga tankaɗe wannan ƙasa a gidajensu domin su tsince ta su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A 2015 kuma ta kashe yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. A waɗannan wurare duwatsun zinariya ne aka riƙa niƙawa a cikin gida, ba kayan su ba, amma hanyar da gubar ta bi guda ce: an shigo da aikin dalma inda yara ke wasa, inda kuma ake dafa abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizani na dalma a jinin ɗan Adam da aka san ba ya cutarwa. Mai yawa tana kawo amai da ciwon ciki da jijjiga, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iskoki. 'Yar kaɗan kuma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda, ga mai juna biyu kuma tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Wasu za su ce ai fenti yana rufe ta. Gaskiya ne yana rage taɓa ta da hannu, amma haƙoran tsage da duwatsun ƙarƙashin ruwa ba sa barin fenti ya daɗe. Ban da haka, wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, su kansu da dalma ake haɗa launinsu. Wasu kuma za su ce iyayenmu sun yi, ba abin da ya same su. Amsar ita ce, cutar da ba ta kayar da mutum nan take ba a cika gane ta ba sai an gwada jini.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta nauyi. Dalma ta fi baƙin ƙarfe mai girmanta nauyi da fiye da kashi 40 cikin 100, shi ya sa ƙaramin kai ke nutsar da ƙugiya. Wannan gaskiya ne ga fatsa. Amma ga komar da ake kafawa, girman abin nauyi ba ya hana kamu, don haka noti na ƙarfe, ko gasasshen yumɓu mai huda, ko ɗan curin siminti, duk suna biyan buƙata. Ingila ta hana amfani da yawancin ƙananan nauyin dalma na fatsa tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su suna mutuwa, kuma kamun kifi bai tsaya a can ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata malaman gona su tattauna da Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masunta:

1. A keɓe wuri guda a bayan gari, a sarari, nesa da rijiya da wurin ƙyafe kifi, inda manya kaɗai za su riƙa zubi.
2. A daina fasa batir. Akwai ruwan asid a ciki, kuma garin dalmar da ke zuba ƙasa ya fi abin da ake samu haɗari.
3. Tukunya ko cokalin da ya taɓa dalma kada ya koma madafa.
4. Mazubi ya bushe ƙarau kafin zubi, domin ɗigon ruwa guda yana sa narkakkiyar dalma ta yi tsartuwa zuwa fuska.
5. A tara datti a gwangwani mai murfi. A canza tufafi, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko ɗaukar yaro.
6. Mai jefa birgi ya daina riƙe igiyar dalma da haƙori.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi masu yawa ko jiran gwamnati. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a nan maganar ta fi ƙarfi, domin lahanin da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa ko da an rage ta a jininsa. Malamin gonar da ya tarar ana narka dalma a tsakar gida, kada ya wuce sai ya yi wa maigidan bayani.