Littattafan Ban Dariya Da Muka Bar Wa Gara

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani abin da na gani da idona sa'ad da aka tura mu koyon aikin malanta. Ni an kai ni wata makarantar firamare ce a wani ƙauye kusa da Zonkwa. Ran nan ina share kabad ɗin aji sai na tarar da wani tsohon littafi, ba bango, gara ta ci gefensa. Da na duba, ashe Ruwan Bagaja ne. Na sha jin sunansa tun ina yaro, amma in faɗi gaskiya ban taɓa karanta shi ba.

Ran Jumma'a, da ya ke yaran sun gaji, sai na ce bari in karanta musu kaɗan daga ciki. Kai! Ban kai shafi uku ba aji ya kaure da dariya. Akwai wani yaro wanda tun zuwana ban ji muryarsa ba, shi ne ya fara roƙona in ci gaba. Ran Litinin kuwa yara huɗu suka zo suna son aron littafin. To, su ne fa yaran da kullum mu ke cewa ba su son karatu.

Ga asalin littafin nan. A cikin 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shaihu Umar da Jiki Magayi labarun tausayi ne, amma sauran ukun cike su ke da raha. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna wayo, yau wannan ya kayar da wancan, gobe wancan ya rama. Ganɗoki jarumi ne mai cika baki, wanda ya yi yaƙi da Turawa har ya kai ƙasar aljannu. Idon Matambayi kuwa labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Ku tambayi kanku, mutum nawa ne cikinmu ya taɓa riƙe wannan na ƙarshen a hannu?

Ku lura da abu guda. An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, watau shekararsa 22 ke nan sa'ad da ya shiga gasar, yana malamin Midil a Katsina. Sa'anmu ne, aikinsa kuma irin namu. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya san halin yaro sarai. Yaro in ya yi dariya zai juya shafi, in ya yi ta juya shafi kuwa ya iya karatu ke nan, ba da bulala ba.

Na sani wani zai ce, ai mu a nan Hausa ba harshenmu ba ce. Gaskiya ne, a gida muna da Tyap da Jju da Hyam da sauransu, kuma ba mai raba mu da su. Amma shiga kasuwar Kafanchan ko tashar mota, da wane harshe ake ciniki? Da wane harshe mutumin Kwoi da mutumin Kagoro su kan gaisa? Yawancin yaranmu da Hausa a bakinsu su ke zuwa makaranta. Shi kansa John Tafida mutumin Wusasa ne, a hannun mishan ya yi karatu. Kogi ba na mai gida a bakinsa kaɗai ba ne, kowa ya ɗebi ruwansa ya sha.

Wani kuma zai ce, cikin littattafan nan akwai inda ake yi wa baƙauye ba'a, akwai inda ake ambaton waɗanda ba Musulmi ba da sunan da ba mu so. Wannan ma gaskiya ne, ni ma na ji zafinsa. Amma ɓoye littafi ba ya gyara kome. Aikin malami ne ya tsaya a wurin, ya tambayi yara, wa ake yi wa dariya a nan, kuma ya cancanta? Dariyar da ake yi wa maƙaryaci da mai kwaɗayi da malamin tsibbu na ƙarya tana gyara hali. Wadda ake yi wa mutum don asalinsa kuwa ɓata zumunci ta ke yi. A ƙasa irin tamu, wadda ta sha wuyar rikici, yaron da ya iya rarrabe su biyun nan ya koyi babban darasi.

Wasu ƙasashe ba su yi sakaci irin namu ba. A Ostareliya wani mai suna Steele Rudd ya buga labarun ban dariya na wani matalaucin manomi da iyalinsa a 1899. Mutanensu suka riƙe labarun, suka mai da su wasan kwaikwayo, da na rediyo, da sinima. Ba su ce don abin dariya ne ba shi da daraja ba.

Saboda haka ga shawarata, iri uku. Ta fari, kowane ɗayanmu ya karanta ko da biyu daga littattafan nan kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Ta biyu, mu keɓe minti 20 kowane mako don karanta wa yara labarin raha da babbar murya. Ta uku ita ce ta fi damuna. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913, shi ya sa ba su ɓace ba. To, namu fa? Labarun ban dariyar da kakanninmu ke bayarwa a bakin wuta lokacin hunturu suna tafiya kabari tare da su. In an yi hutu, kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna gaban tsohuwa ko tsoho, ya rubuta labari uku da harshen gidansu, ya kawo mu tara.

Littafin nan da na tsinta na ɗinke shi da zare, na yi masa bango da kwali, na bar wa yaran. Wanda ya san inda Idon Matambayi ya ke, don Allah ya ara mini. Allah ya taimake mu, amin.