Salsalar Gidanmu A Fulofi

Jama'a, duk mai tarihin gidansu a tsohon faifai, ya buga shi a takarda ya raba wa dangi tun da wuri. Ni na ɗanɗana. A 2003 kakata ta lissafo mini kakanninmu bakwai, na kai shagon buga takardu aka zuba mini a fulofi. Bana na ɗauko shi, sabuwar kwamfutata ko ramin saka shi babu. Da ƙyar na aro na'urar da ake jonawa ta USB. Ya buɗe, amma da yake da harafin Rabi'at aka buga, duk ƙ ta koma }, ɗ ta koma ]. Wannan na gyara. Shafin ƙarshe kuwa ya lalace, ga Inna ta rasu, wa zan tambaya?