Doka Kaɗai Ba Za Ta Sauke Kuɗin Haya A Legas Ba

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Agege, Idi-Araba ko Obalende ya san wahalar da muke magana a kai. Mai gida yana son kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, dillali yana jiran nasa, ga kuma kuɗin takardar yarjejeniya. Shi ya sa wasunmu ke cewa gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya da ƙarfin doka.

An riga an gwada wannan. A shekarar 1997 gwamnatin soja ta Buba Marwa ta kafa doka wadda ta yanka farashin haya bisa ga unguwanni, ta kuma tanadi kotunan haya. A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a wata doka da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Amma an cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA daga cikinta.

Me ya hana su yin tasiri? Gidaje ne suka yi kaɗan. Idan mutum goma suna rububin ɗaki ɗaya, wa zai kai mai gida kotu? Wanda ya tsaya a kan doka, na bayansa ne zai karɓi makulli. In kuma aka danne farashi alhali siminti yana ta tashi, mai gida zai daina gyara, mai kuɗi kuma ya fasa gini.

Muna goyon bayan a rage kuɗin da ake biya tun gaba, a kuma hana korar iyali ba tare da wa'adi ba. Amma babban magani shi ne gini. Tsakanin 1979 da 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare irin su Amuwo-Odofin da Abesan, har yau mutane suna cikinsu.

Kafin gwamnati ta farka, muna da namu aikin. A cikinmu akwai masu gidaje, akwai 'yan haya, benci ɗaya muke zama. Muna roƙon dattawanmu masu gidaje su yarda da biyan wata uku-uku, musamman ga gwauraye mata da sababbin ma'aurata. 'Yan haya kuma mu biya a kan lokaci, mu riƙe gidan mutum kamar namu.