Huɗa Ba Shuka, Asarar Damina

A gidaje da yawa na birnin Katsina akwai wanda ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya rufe ƙofa ya daina shiga mutane. Muna ce masa rago, ko mai raunin tawakkali, ko mu ɗora wa iska. Idan aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai wani dattijo ya ce, "Kada ku kai shi, jona masa lantarki za su yi." Yanzu kuma ga wani sabon ruɗi: masu tallar na'urar ɗaurawa a kai ta intanet, wai tana kawar da ciwon damuwa cikin mako guda. Da mai tsoron na'ura da mai ɗaukar ta mu'ujiza, duk sun kauce hanya, kuma marar lafiya ne ke biyan kuɗin kuskurensu.

Mu fara da masu tsoro. Jinyar girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki ta samo asali ne a birnin Rum a 1938, a hannun Ugo Cerletti da Lucio Bini. A yau sai an sa mutum barci ake yin ta, kuma tana ceto waɗanda ciwon ya kai su ga ƙin ci da sha, ko da yake takan jawo mantuwa ta ɗan lokaci. A 1985 Anthony Barker ya fito da hanyar zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu a Sheffield ta Ingila, Amurka kuma ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008. Mutum yana zaune idonsa biyu ake yi masa, kwana biyar a mako, tsawon mako huɗu zuwa shida. Wanne ya fi zalunci, wannan ko marin da 'yan sanda suka kwance daga ƙafafun mutane a Daura a watan Oktoba na 2019?

Sai masu jiran mu'ujiza. Ciwon damuwa yana raunana sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe hankali wuri guda, ya kuma taka wa mugun tunani birki. Shi ya sa masana ke gwada haɗa zaburarwar da horon tunani: atisayen mai da hankali, da riƙe bayani, da koyon katse saƙar zuci. Hikimar a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe garma. Na'ura huɗa take yi, tana tausasa ƙasa. Horo shi ne shuka. Wanda ya yi huɗa bai jefa iri ba, ciyawa zai girba. Binciken wannan haɗi bai kammala ba, sakamakonsa ma ya sha bamban daga gwaji zuwa gwaji. To, idan masana na taka-tsantsan, da wane dalili ɗan kasuwa zai ba ka tabbaci?

Za a ce na'urar maganaɗisu tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba. Gaskiya ne. Amma rabin aikin ba ya bukatar wutar lantarki. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci suna koya wa masu damuwa warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma an ga amfaninsa. Ashe mu ma ba mu rasa iri ba.

Ya kai mai jinya, kai ɗan'uwanka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka tambayi likita: ban da ƙwaya, wane horo zai riƙa yi a gida? Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin ya nuna aiki, kada a yanke shi da ka. A tsare masa lokacin barci da tashi, a fita tattaki tare, a ba shi ƙaramin aiki da zai iya gamawa. Idan ya ambaci kashe kansa, a ranar za a tafi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta ba shi haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci. Addu'a ba ta hana neman magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.