Taron da Kowa Yake Tafi Ba Muhawara Ba Ne

Akwai masu cewa zama da abokin hamayya a yi magana tsoro ne. Akwai kuma masu tara 'yan'uwansu, su zagi wanda ba ya nan, su watse suna cewa sun yi muhawara. Dukansu sun ɓata hanya, labarin Abijan kuwa ya isa shaida.

Adjamé tana arewa, da babbar kasuwa da tashar mota. Treichville tana kudu, a hayin gada, kusa da tashar jiragen ruwa. A Treichville ne aka kafa jam'iyyar PDCI a 1946. Hausawan Nijar da na Nijeriya sun daɗe a unguwannin nan biyu suna ciniki, har abincin nan na rogo da soyayyen kifi da duk birnin yake ci sunansa "garba". A zamanin Houphouët-Boigny baƙi 'yan Afirka ta Yamma har ƙuri'a suke jefawa. Da ya rasu a Disamba 1993, sai aka fito da aƙidar "ivoirité", wato tantance wane ne ɗan ƙasa na asali. Bango ya tsage ke nan.

Tsakanin unguwannin biyu akwai Plateau, a can kuwa a da akwai wani dandali da ake kira Sorbonne, inda mutum yakan tsaya ya faɗi ra'ayinsa a bainar jama'a. Bayan da yaƙi ya ɓarke a 19 ga Satumba 2002, dandalin da ire-irensa a unguwanni suka koma hannun magoya bayan Laurent Gbagbo. Su kuma 'yan arewa da yawa suka tsaya a majalisun shayinsu, waɗanda ake kira "grin", suna maganar Alassane Ouattara. Kullum ana magana a Abijan, amma kowa da nasa yake yi. Mai jawabi yana neman tafi, masu sauraro suna neman abin da suka riga suka gaskata. Wanda ba a taɓa jin bakinsa ba, da sauƙi a mai da shi dodo.

Wani zai ce, ai an gwada. An yi babban taron sulhu a 2001 ƙarƙashin Seydou Diarra, yaƙi ya biyo baya. A 25 ga Nuwamba 2010 Gbagbo da Ouattara sun yi muhawara a talabijin cikin ladabi, aka yi zaɓe bayan kwana uku, rikicin da ya biyo ya ci rayuka wajen 3,000. Ina amfanin maganar?

Tambayar tana da nauyi, amma ta tsallake abu guda. Manya biyu sun yi ladabi na dare ɗaya, alhali mabiyansu sun yi shekaru suna jin cewa maƙwabcinsu maci amana ne. Ruwan dare ɗaya ba ya raya gonar da ta sha fari shekara goma. Samarin da suka kafa shingaye a tituna a 2011 suna duba sunan mutum da katinsa, ba a talabijin suka koyi darasinsu ba, a dandali suka koya. Baƙi 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda ba su ma jefa ƙuri'a ba, suna cikin waɗanda aka kashe a wuraren nan. Saboda haka Bahaushen da yake cewa siyasar masu gari ba ruwansa, bai lura da gemun da ya kama wuta ba.

Haka kuma mai bi da ya yarda aka ce masa rigimar ta Kirista ce da Musulmi, an yi masa wayo. A Oktoba 2000 an ƙone masallatai da majami'u a Abijan saboda rigimar kujera. Masu kujerar kuwa sun sadu a fadar shugaban ƙasa a 27 ga Yuli 2021, suka rungumi juna suna murmushi. Matattu ba su tashi sun ga wannan ba.

Muhawara ta gaskiya tana da sharuɗɗa, ba su kuwa da wuyar ganewa. A gayyaci mai ra'ayi dabam ya zauna a tabarma ɗaya. A bar shi ya gama maganarsa. Kafin a ba shi amsa, a maimaita hujjarsa har shi da kansa ya ce lalle haka yake nufi. A fara da abin da ya haɗa kowa, wato kuɗin rumfa, ruwan famfo, makarantar yara. A kuma amince tun farko cewa wanda ya sha kaye zai kwana lafiya a gidansa.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana. Mai rumfa a Adjamé da mai shago a Treichville za su ci gaba da bambanta a kan zaɓe. Abin da ya wajaba a kansu, da kan mai karatu a Kano ko Maraɗi, shi ne kowa ya nemi mutum ɗaya daga ɗaya ɓangaren, ya zuba masa shayi, ya saurare shi har ƙarshe tun kafin ranar ƙuri'a ta zo.