Mai Jaka A Baya: Yawon Banza Ko Neman Ilmi?

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya, wadda ya kamata mu ɗalibai mu san da ita, mu kuma auna ta da kanmu. Mutum ne za ka gani ya kai shekara 30 ko 40 da haihuwa, yana da aikinsa mai kyau, ko akawu ne, ko injiniya, ko ma'aikacin asibiti, rana ɗaya sai ya rubuta wa shugabansa takarda ya ce a ba shi hutun shekara guda ba albashi. In an hana shi, wani sai ya ajiye aikin ɗungum. Ya saki ɗakin haya, ya sayar da 'yar motarsa, ya zuba 'yan riguna da takalmi da magani cikin jaka mai maɗauri biyu, ya goya ta kamar yadda uwa ke goya ɗa, ya hau jirgin sama sai Bankok. Daga nan ya dinga bin ƙasashen Asiya masu zafi da yawan ruwan sama ɗaya bayan ɗaya, watau Tailan da Laos da Kambodiya da Biyetnam da Maleshiya da Indonesiya, har Filifin. Inda dare ya yi masa, nan zai nemi ɗaki mai araha ya kwana.

A wurinmu in magidanci ya yi haka, cewa za a yi ya shiga duniya, dangi su taru a fara neman masa magani. Ni dai ban ga wauta ga ajiye aikin ba. Mutumin da ya yi shekara 15 yana zaune kan kujera ɗaya, yana duban bango ɗaya, in ya ce yana so ya ga yadda sauran bayin Allah ke zaune kafin ƙarfinsa ya ƙare, ai ya yi tunani. Inda na ga wauta shi ne yadda da yawa daga cikinsu ke kashe shekarar bayan sun same ta da ƙyar. Sauri suke yi, kuma sawun juna suke bi.

Yadda abin ya faro ke nan. A shekarar 1972 wasu mata da miji, Tony da Maureen Wheeler, suka tashi daga Landan suka ratsa Asiya, yawanci ta ƙasa, har suka kai Ostareliya aljihunsu wayam. Mutane suka dame su da tambayar yadda suka yi, sai suka rubuta ɗan littafi a 1973, kana a 1975 suka fitar da wani a kan kudu maso gabashin Asiya, mai nuna inda za a kwana da inda za a ci abinci da kuɗi kaɗan. Wannan shi ne asalin kamfanin Lonely Planet. A 1979 juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet cikin Afganistan suka toshe tsohuwar hanyar ƙasa, sai matafiya suka koma sauka Bankok ta jirgin sama. Littafin ya taimaki mutane, babu shakka. Amma in mutum dubu suna riƙe da littafi ɗaya, ai gida ɗaya za su nufa, teburi ɗaya za su zauna. Yau wayar hannu ta karɓi aikin littafin, ta ma fi shi iya tara mutane wuri guda.

Dubi titin Khao San da ke Bankok. Tsawonsa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba, kuma ma'anar sunan shinkafa ce wadda aka casa, domin a da can kasuwar shinkafa ce. Yanzu kuwa ɗakunan kwanan baƙi ne da mashaya da masu sayar da tikitin mota. Bature ya baro Ingila don ya ga Tailan, ya sauka nan, ya yi hira da Bajamushe, ya ci abincin da aka dafa daidai bakin Turawa, gobe su shiga mota ɗaya su nufi wani garin mai irin wannan titin. Haka zai yi ta yi, kwana biyu nan, kwana uku can, ya dawo gida yana cewa ya taka ƙasa bakwai. To, wa ya sani a cikinsu? Ko gaisuwar safe ba ya iyawa da harshe ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, balle baƙon da bai zauna ba.

Da a ce kansa kaɗai ya cuta, da sai mu ce kuɗinsa ne, shekararsa ce. Amma taron nan yana da nauyi a kan masu gari. A tsibirin Phi Phi na Tailan akwai wani ɗan lungun teku mai suna Maya, inda aka ɗauki wani fim da ya fito a 2000. Tun daga lokacin kowa sai ya je ya ɗauki hoto a wurin. Jiragen ruwa suka yi ta kai da kawowa har suka lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwa, kifaye suka gudu. A watan Yuni na 2018 hukuma ta rufe wurin, ba a sake buɗe shi ba sai Janairu 2022, kuma da sharaɗin ba mai yin iyo. A wannan shekara ta 2018 ce kuma gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Boracay wata shida, saboda ƙazantar otal-otal da ke kwarara cikin teku. Ka tuna masu kwale-kwale da masu tuya da masu wanki da suka dogara da baƙin nan, duk sai da suka zauna ba ciniki.

Na garin Vang Vieng a Laos ya fi muni. Ƙaramin gari ne na manoma a bakin kogi, tsakanin duwatsu. Matafiya suka ƙirƙiro wasan hawa tiyub ɗin tayar mota suna bin ruwa, suna tsayawa shan giya a rumfunan bakin kogi. A 2011 kaɗai baƙi fiye da 20 suka mutu a wurin, wasu ruwa ya ci su, wasu sun yi tsalle sun faɗa kan dutse. A 2012 gwamnati ta rushe rumfunan. Duk da haka a watan Nuwamba na 2024 baƙi 6 suka rasu a garin bayan sun sha giyar da aka gauraya da guba. Ina ilmin da aka samo a nan? Mutanen Laos masu kunya ne, masu rufe jiki, amma an mayar musu da bakin kogi dandali, 'ya'yansu suna kallo.

Alhali kuwa abin koyo jibge yake a ƙasashen nan ga wanda ya yarda ya zauna. Mu ɗalibai, wurin da ya fi kamata mu ji labarinsa shi ne Tuol Sleng a birnin Phnom Penh na Kambodiya. Makarantar sakandare ce kamar tamu, da azuzuwa da baranda da filin wasa. Da mayaƙan Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot suka kama mulki a 1975, sai suka rufe makarantun ƙasar, suka kori mutanen birane zuwa gonaki, suka mai da wannan makaranta gidan kurkuku. Aka yayyanka azuzuwa da bulo aka yi ƙananan ɗakunan tsaro, aka kewaye baranda da waya mai ƙaya. Mutum fiye da 12,000 aka shigar ciki, waɗanda suka fito da rai ba su taka kara sun karya ba. Kafin mulkin ya faɗi a Janairu 1979, tsakanin mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun halaka a ƙasar, ta kisa da yunwa da cuta, kuma malaman makaranta da likitoci suna cikin waɗanda aka fara nema. Mai sauri zai shiga Tuol Sleng da hantsi, ya fito kafin azahar, ya wuce Angkor Wat ya ɗauki hoton fitowar rana. Wanda ya yi wata biyu a ƙasar shi ne zai lura cewa tsofaffi sun yi ƙaranci a titi, kuma mai gidan da ya sauka, in sun saba, wata rana zai gaya masa inda iyayensa suka tafi. Irin wannan magana ba a yi wa baƙon kwana biyu.

Haka Laos. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen yaƙin Amurka sun zuba wa ƙasar bama-bamai fiye da tan miliyan biyu, da yawa ba su fashe ba, suna nan kwance cikin gonaki. A lardin Xieng Khouang za ka ga an kafa kwankon bam an yi shinge da shi, a wani ƙauyen ma narka ƙarfen suke yi su ƙera cokali. Manomi yana sa fartanya ƙasa yana fargaba, shekara 50 bayan an daina yaƙi.

Ba labarin baƙin ciki kaɗai ba. Wanda ya san noma zai sha kallo. A bakin kogin Mekong a kudancin Biyetnam ana girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. A tsibirin Bali na Indonesiya manoma suna da ƙungiyar raba ruwa da ake kira subak, wadda ta haura shekara dubu, su ne ke tsara wanda zai sha ruwa yau da wanda zai jira gobe, daga gonar kan tudu har ta gangare, ba tare da an kai ga faɗa ba. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar ruwa tsakanin manoman rani a Kadawa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma kwakwar manja, wadda asalinta itaciyar Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa 'yan tsirrai huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jawa. Yau Indonesiya da Maleshiya ne ke samar da fiye da kashi huɗu cikin biyar na manjan duniya, mu da muke kan gaba a farkon shekarun 1960 har sayowa muke yi daga waje. Matafiyin da ya ratsa Sumatra cikin mota zai ga yadda aka yi hakan, zai kuma ga abin da aka biya, domin dazuzzukan da aka sare don a dasa kwakwar ba su dawo ba, kuma hayaƙin ƙona su ya rufe sararin Singafo da Maleshiya a 2015.

Wani zai ce, to, aikin da ya bari fa? Wannan tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Wanda ya tafi shekara guda zai dawo ya tarar tsaransa sun sami ƙarin girma, ajiyarsa ta ƙare, wataƙila kujerarsa ma an ba wani. Mai iyaye tsofaffi ko ƙannen da yake biya wa kuɗin makaranta, in ya tsallake su ya tafi, ba ni da abin da zan kare shi da shi. Amma ga wanda ba nauyin kowa a kansa, hutun nan ba baƙon abu ba ne ko a gare mu. Malaman jami'o'inmu suna da hutun shekara guda bayan sun yi shekara shida suna koyarwa, ba wanda ya ce sun shiga duniya. Ƙasar Beljiyam tun 1985 ta yi dokar da ta ba ma'aikaci damar dakatar da aiki na wani lokaci ya dawo. A 2022 dandalin neman aiki na LinkedIn ya buɗe gurbi inda mutum zai rubuta cewa ya yi irin wannan hutu, maimakon ya ɓoye shi kamar abin kunya. Kakanninmu ma da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, shekaru suka yi a hanya, suna tsayawa suna noma da ɗinki, suka dawo da harsuna da sana'o'in da ba su tafi da su ba. Zaman da suka yi a garuruwan hanya shi ya ba su wannan.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ƙofar nan ba kowa aka buɗe wa ba. Abin da ya sa tafiyar ke yi wa Bature araha shi ne albashinsa na Landan ne, abincin da ɗakin kuwa farashin talakan Laos ne. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji labarin matafiyin da ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa mai sayar da ayaba a kan 'yan kwabbai, yana alfahari wai bai yarda an cuce shi ba. Ga kuma maganar fasfo. A 2024 Tailan ta ba 'yan ƙasashe 93 izinin shiga ba biza har kwana 60, Nijeriya ba ta ciki. Ɗan Nijeriya sai ya nemi biza tun daga gida, ya nuna takardar banki da shaidar allurar shawara, ya jira. Shi ba ya iya farkawa da safe ya ce yau Kambodiya ta yi masa, ya tsallaka iyaka. Amma ni a ganina wannan ƙunci yana da ɗan amfaninsa a ɓoye, domin wanda ya sha wuya kafin ya sami bizar ƙasa ɗaya ba zai yi mata kwana uku ya wuce ba.

A arewacin Laos ana iya ganin bambancin matafiyan nan biyu ƙarara. Tun Disamba 2021 da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa ƙasar da Sin, mutum yana tashi daga Vientiane ya isa tsohon birnin sarauta na Luang Prabang cikin kimanin awa biyu, tafiyar da a da take cin yini guda a mota. Da yawan hanyar kuwa cikin rami take a ƙarƙashin duwatsu, in ka leƙa taga duhu za ka gani. Wanda ya shigo ta iyakar Tailan yana da wata hanyar zuwa wannan birni. Zai hau dogon jirgin ruwa na katako a Huay Xai, ya bi Mekong kwana biyu, a kwana a ƙauyen Pakbeng. Jirgin yana ratsewa bakin gaɓa a sauke buhun shinkafa, a ɗauki mace da kajinta, yara su rugo daga cikin gari su tsaya kan yashi. Kujerun tsofaffin kujerun mota ne da aka ciro aka jera, injin yana ƙara kamar zai tsaga kunne, kuma wanda ke kusa da kai, in ka yi masa gaisuwa da harshensu, zai buɗe ɗan kwandonsa na shinkafa mai danƙo ya miƙo maka.